Kwat Mai Buɗaɗɗen Baki

Ba a shiga gidan yarin da tef ɗin awo. Ba a shiga da allura ko almakashi, ko fil ɗin da mace ke maƙale mayafinta da shi sai ta zare ta bari a waje. Saboda haka da hannu Timotea take auna mijinta. Ranar Asabar, in aka buɗe ƙofa mata suka kwarara cikin farfajiya, sai ta rungume Sabino kamar yadda kowace take rungume nata, amma ita yatsunta aiki suke yi a bayansa, daga wannan kafaɗa zuwa waccan, daga ƙeya zuwa ƙugu, taƙi bayan taƙi, leɓɓanta na motsi.

"Tsohuwa," in ji shi, "tun da aka yi aurenmu ba ki taɓa rungume ni a gaban jama'a ba. Sai yanzu da na koma ƙashi da fata kika ga kyauna?"

"Tsaya cak, kana rikita mini awo."

"Au, ashe ma ba so ba ne."

"Ɗaga hannu."

Ya ɗaga, sai tari ya sarƙe shi. A tafin hannunta ta fara jin sa kafin ya iso kunnenta, wani abu na gurnani can ƙarƙashin haƙarƙari. Ya juya mata baya ya tofar a tsumma, ya dunƙule tsumman ya cusa a aljihu da sauri, wai don kada ta gani. Ta kuwa gani.

Sabino Cutipa masaƙi ne, ba ɗan rigima ba. Da faɗa ya tashi a kan makiyaya tsakanin ƙauyenmu da na ƙetaren rafi, aka fasa wa wani kai, 'yan sanda suka zo suka kwashi duk namijin da suka tarar a filin, har da shi da rabon faɗa ya kai shi. Tun lokacin shukar dankali ake cewa za a kai su gaban alƙali. An yi shuka, an tone, ga Yuni ya shigo, tsakiyar sanyi a ƙasarmu ta kan duwatsu, watan da ruwa ke kwana a bokiti ya wayi gari dutse. Mu a gida murna muke da wannan ƙanƙarar, ita ke busar mana da dankalin ajiya. Amma gidan yarin a kan tudu yake, can sama da mu, inda ko tumaki ba a kaiwa kiwo, kuma tun da tarin ya yi tsanani aka mayar da Sabino ɗakin marasa lafiya: daɓen siminti, rufin kwano, taga ba gilashi.

Bargo biyu ta kai masa. Na farko, Sabino ya zagaya bayan gida ya dawo bai tarar da shi ba. Na biyu da kansa ya lulluɓa wa wani dattijo da ke gadon kusa da nasa, dattijon ya cika, aka fita da shi da bargon. A can, abin da ke jikin mutum shi kaɗai ne nasa. Poncho, rigar sanyin kowane namiji a ƙasar nan, an hana shi, wai ana ɓoye abu a ƙarƙashinsa. Wanda ya kafa wannan doka ina jin bai taɓa kwana a tudun nan ba. Abin da ya rage shi ne kwat, mai kauri, mai shafi a ciki, wanda Sabino zai kwana da shi ya tashi da shi. Tufafi kuma sau ɗaya ake karɓarsu a wata, ran Asabar ta farko. In ta kuskure ta Yuli sai ta Agusta, ita kuwa Timotea ta san ƙirjin da ta taɓa ɗin nan ba zai kai Agusta a 'yar rigar da ke jikinsa ba.

Yadi tana da shi, guda ɗaya tak. Ranar da aka kama Sabino ya bar saƙa a kan masaƙa, ulun tumakinsu, fari mai ratsin toka, saura kaɗan ya gama. Wata da watanni ta ƙi taɓa shi, don a ganinta in ta yanke shi ta yarda ke nan mai shi ba zai dawo ya ƙarasa ba. Yanzu ta sa wuƙa ta yanke. Launin ya yi mata daidai, tunda baƙi da shuɗi da kore duk na gandirobobi ne, fursuna ba ya sa su. Ta tafasa ruwa ta zuba a baho, ta goga wa yadin sabulu, ta shiga da ƙafa tana tattaka shi har ya tsuke ya cure, saƙar ta haɗe ta yadda in ka ɗaga shi ga rana ba ka ganin haske. Ƙafafunta suka yi jawur, diddigenta ya tsage. Da ya bushe ta auna, sai ta ga ya ragu fiye da yadda ta zata. Zai isa kwat ɗaya, amma ba zai bar mata wurin kuskure ba.

Ga shi ba ta taɓa ɗinka kwat ba. Siket dai ta iya shi ido a rufe, amma siket ba shi da kafaɗa, ba shi da hammata. Komadre Leandra, wadda ta riƙe mata 'yarta ranar baftisma, ita ta ara mata keken ɗinki na hannu da tsohon kwat ɗin mijinta don a kwaikwayi yankan. Leandra tsohuwar 'yar layin gidan yarin ce, ɗanta ya daɗe a ciki, babu dokar ƙofar nan da ba ta haddace ba, bakinta kuma ba ya hutawa.

Da tsakar rana suke aikin, a tsakar gida, don lokacin ne kaɗai yatsu ke yarda su lanƙwasa. Suka shimfiɗa yadin a kan fatun tumaki, suka zana layi da guntun sabulu. Timotea ta ɗauki almakashi ta kai bakin layin, ta tsaya. Ta daɗe a haka.

"Komadre, yanka za ki yi ko addu'a?" in ji Leandra, don haka suke kiran juna tun ranar baftismar.

"In na ɓata fa?"

"In kin ɓata ki yi masa hula. Yanka mana, rana na tafiya!"

Ta yanka.

Keken ya yi abin arziki a dogayen layuka, amma da aka zo kafaɗa, inda yadi ya hau kan yadi, allurarsa ta karye, kuma babu wata. Daga nan da hannu ta ci gaba, tana tura babbar allura da guntun fata a yatsa. Hannun riga ya kusa sa ta hauka. Da ta fara haɗa shi, ya karkace ya koma baya kamar fiffiken kaza da aka murɗe. Ta warware. Ta sake haɗawa ya tattare a hammata. Ta warware. Duk warwara sai bakin yadin ya zubar da 'yan zaruruwa, ta tsince su a tafin hannu tana kallo kamar naman jikinta ne ke zuba. Wata rana ta yi jifa da shi ta shiga rumfar tumaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗauke shi ta kakkaɓe ta ci gaba.

Sai batun shafi. Ulun waje yana tare iska, amma yana cizon fata, kuma shi kaɗai ba ya riƙe ɗumi, sai an yi masa na ciki mai laushi. Yadi ya ƙare. Ta dudduba ɗakin ba ta ga komai ba, sannan ta dubi jikinta. Cikin siket ɗin da take jerawa a ƙugu, na can ciki jan fatari ne na ulu, tsoho, wanda wanki ya mayar da shi kamar auduga. Ta tuɓe shi, ta warware, ta wanke, ta goge da dutsen guga. Leandra ta nuna mata yadda ake yanka shafi ya ɗan fi na waje yalwa, a kama masa ninki a tsakiyar baya, don kada ya ja kwat ɗin in mutum ya sunkuya. Tun daga ranar sanyi ke bin cinyoyin Timotea duk inda ta je, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne awon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Duk Asabar in ta rungume Sabino sai ta tarar yatsunta sun haɗu da wuri. Wannan makon faɗin yatsa biyu ya ɓace a kafaɗa, mako mai zuwa ƙugu ya zurma. Ta dawo gida ta buɗe gefe ta rage, ta matsar da maɓallai. Leandra ta ce ta datse rarar da almakashi don ɗinkin ya kwanta. Ta ƙi. Ta ninke rarar ta kwantar da ita a ciki, ta ce in ya fito ya ci abinci ya murmure sai a saki.

Ana jibi Asabar ɗin kaya, saura bakin ƙasa kawai. Leandra ta zo ta ɗaga kwat ɗin, ta juya shi ciki da bai, ta ja hannuwan, ta taɓe baki.

"To, ba laifi. Da kunya dai ba za a ji ba. Sai dai ƙasan nan, kada ki kuskura ki rufe shi. Ki bar tsakanin yadin da shafin a buɗe, zagaye. Mai duba kaya hannu take zurawa a ciki har kafaɗa. In ba ta samu hanya ba, ba ya shiga."

Timotea ta ajiye allura.

A ƙauyenmu riga ɗaya ce ake bari haka. In mutum ya mutu, mata kan taru su ninka yadi biyu, su kama kafaɗa da gefe da manyan ɗinki, su bar ƙasa a buɗe, ba kalmasa, ba ƙulli, don mai tafiya ya samu hanyar fita, kada wani abu ya riƙe shi. Timotea ta ɗinka wa uwarta irinta. Ta ɗinka wa mahaifin Sabino, shi Sabinon yana riƙe mata da gefen yadin.

"Mutum na tofar da jini," ta ce, "in kai masa riga mai buɗaɗɗen baki? Da hannuna? Me na faɗa masa ke nan?"

"Kin faɗa masa ga ɗumi. Haba komadre, je ki kasuwar garin Ilave ki duba, kwat nawa ne ƙasansu ke a sake? Masu su suna nan suna yawo, har da tumbi."

"Na kasuwa ba don shi aka ɗinka ba. Wannan saƙarsa ce, ɗinkina ne. Kuma zai gani. Masaƙi ne, bakin yadi yake fara dubawa kafin ya dubi fuskar mutum."

"Ganduroba ina ruwanta da al'adar ƙauyenmu?"

"Zan roƙe ta. Ita ma ai mace ce, tana da uba. Ta mammatsa ta ji, babu komai a ciki."

"Roƙo!" Leandra ta tafa hannu. "Na ga wadda ta durƙusa a kan ƙanƙara har gwiwarta ta yi jini, da rigarta ta koma gida. Ke dai kin ji na faɗa miki."

Wauta Timotea ta yi, wannan ba musu. Amma ni ban iya ganin laifinta ba. Tsoro ne iri biyu suka sa ta a tsakiya, na ƙofa da na mutuwa, ta zaɓi wanda take ganin ana iya roƙo. Ta ɗauko zaren da ta kaɗa da kanta, siriri mai ƙarfi, ta kalmashe bakin kwat ɗin, ta ɗora shafin a kai, ta bi shi da ɗinki ƙanana matse da juna, irin wanda ko ita sai ta kanne ido take ganinsa. Yini guda ta yi a kai. Da ta kai ƙarshe ta ƙulla, ta sake ƙullawa a kan ƙullin, ta ciza da haƙori.

Ranar Asabar motar Ilave ta sauke su a gindin tudun rana ba ta gama fitowa ba. Layin mata ya riga ya miƙe a jikin katanga, kowace da silifa a kan ƙasar da ta daskare, don rufaffen takalmi ma an hana. Aka buga musu hatimi a damtse. Timotea na rungume da kwat ɗin a ƙirji, ɗayan hannun da tukunyar romon tunkiya naɗe a tsumma. Layin na jan jiki, tana ta shirya kalmomin roƙo tana sake musu tsari.

Mai duba kayan yarinya ce, leɓenta a tsattsage, ita ma hancinta na yoyo. Ta baza kwat ɗin a kan tebur, ta zura hannu a aljihu, ta bi wuya, sannan ta kamo ƙasan ta laluba neman hanya. Ta zagaye shi kaf.

"Mamita, wannan a rufe yake," ta ce, tana kiranta yadda ake kiran iyaye mata a nan.

"Ranki ya daɗe, matsa ki ji. Babu komai, fatarina ne kawai a ciki. Mijina ba shi da lafiya, tari yake, jini yake..."

"Mai shafi sai a buɗe."

"'Yata, dubi girman Allah. A wurinmu mamaci ake wa haka. In na buɗe shi kamar na..."

"Ba ni na kafa dokar ba, mamita. Kwanan baya a cikin shafi aka samu reza, aka yanki mutum da ita, wadda ta duba rigar tana gida yanzu ba aiki. Ko ki buɗe shi zagaye ko ki koma da shi. Ta gaba!"

Timotea ta durƙusa. Ta kama ƙafar teburin, ta faɗi duk abin da ta shirya da wanda ba ta shirya ba. Yarinyar ta kau da kai, ta jawo jakar mata ta gaba. Na baya suka fara guna-guni, wata ta ce a kauce musu su ma nasu na jira. Leandra ce ta ɗaga ta da ƙarfi ta ja ta gefe, kuma Allah ya sa mata albarka, ba ta ce na faɗa miki ba.

"Kawo nan in farke shi. Ja ɗaya ne."

"Kada ki taɓa!" Timotea ta fizge. "Za ki yaga shafin. Tsoho ne."

"To da azahar ake rufe ƙofa, kin sani. Ni zan shiga, ɗana na jira. Zan gaya wa Sabino kina tafe."

A bakin hanya akwai mai rumfar da ake bar wa huluna da takalma da duk abin da ba ya shiga. Wurinta Timotea ta karɓo fil ɗin mayafinta, ta zauna a kan dutse a jikin katanga, ta ɗora kwat ɗin a cinya. Ƙullin nan da ta ciza shi ya fara ba ta wuya. Da ƙyar ta ɓanɓare shi, sannan ta shiga zaro ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da tsinin fil. Ba ta ganinsu. Da gangan ta yi su don kada a gan su, ga shi yanzu hawaye ya ƙara rufe mata ido. Yatsunta sun sandare, fil ɗin ya zame ya shige ƙarƙashin farce, jini ya ɗiga a farin ulu, ta tsotse ta ci gaba. Ta zagi hannunta da ya iya aiki haka. Ta zagi taurin kanta. Mai rumfar ta miƙo mata wuƙa ta ce ta datsa ta huta, ta girgiza kai, don zaren take so ya fito a raye, dogo, bai tsinke ba.

Layin ya gajarce, ya ƙare. Inuwar katangar ta janye ta koma gindinta. Duk ɗinkin da ta zare, lokacin zamanta da Sabino ne take zarewa, ta kuwa sani. Tana cire na ƙarshe ta ga ana naɗe takardun teburin. Ta naɗe zaren a yatsa, ta cusa shi cikin jelar kitsonta ta ɗaure, ta jefa wa mai rumfar fil ɗin, ta kwasa a guje, silifa ɗaya na fita tana komawa.

Yarinyar ta dube ta, ta dubi ƙofar, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta karɓi kwat ɗin. Ta zura hannu tsakanin fari da ja har kafaɗa, ta bi hannuwan rigar, ta bi ninkin baya. Ta miƙo shi ba tare da ta ɗago ba.

"Shiga. Yi sauri."

Marasa lafiya a benci ake jera su, a kusurwar farfajiya inda rana ke sauka. Sabino na zaune a ƙarshe, hannuwansa cuse a hammata. Ya yunƙura zai tashi, ya fasa. Timotea ta ninke kwat ɗin ƙasansa a ciki, ta zo da shi kamar mai ɗauke da jariri. Bai dubi wuyan ba, bai dubi maɓallan ba. Ya miƙa hannu ya juyo bakin, yatsunsa suka shige tsakanin yadin da shafin, suka tsaya a nan.

"Ba ni ba ce," ta ce. "Na rufe shi, Sabino. Na rantse na rufe shi. Dubi sawun allurar."

Ya kai bakin shafin kusa da ido, ya bi 'yan ramukan da kallo. "Na gani. Wa zai yi ɗinki kamar sawun tururuwa in ba ke ba?" Ya shafa jan yadin, ya ɗago ya dube ta daga ƙugu zuwa ƙasa. "Wannan kuma na san shi."

"Rufe mini baki. Ba za ka sa shi haka ba."

"Tsohuwa, sanyi nake ji."

Tun da aka kama shi bai taɓa faɗin haka ba. Kullum cewa yake lafiya lau, ɗakin ma har zafi yake. Da ta ji ya faɗa a fili, sai ta zauna a bencin. Amma ba ta saki kwat ɗin ba. Ta kwance jelar kitsonta ta zaro zaren.

"Allura fa?" ta ce.

"Tana ɗakin sana'a, a kulle. Mu masu tari ma ba a barinmu can."

Ya dubi tukunyar. Sannan ya buɗe ta, ya tsamo ƙashin haƙarƙari, ya tsotse shi, ya sa a gefen bencin ya danna har ya tsage. Ya zaɓi siririn tsagin, ya shiga goga shi a siminti har ya yi tsini. Suka baza kwat ɗin a kan gwiwoyinsu su biyu. Shi ya huda da ƙashin, ita ta jiƙa bakin zaren da yawu ta tura ta ramin da farce, ta jawo ta ɗaya gefen.

Yadin ya ƙi huduwa da sauƙi. Ita ta tattaka shi har ya zama haka, don kada iska ta samu hanya, yanzu ga shi ƙashi ma ya rasa. Kowane rami sai an yi kokawa.

"Kai, kin ci zalin saƙata," in ji shi, yana haki. "Wannan ai ƙofa ce, ba yadi ba."

"Huda dai. Kuma ka sha romon nan kafin ya daskare."

"Dubi ɗinkin. Kamar tafiyar mashayi ran biki."

"Ya riƙe dai ko bai riƙe ba?"

Suka gama ɓangare ɗaya na gaban rigar, suka zagayo gefe. Tari ya kama shi, ya daɗe bai sake shi ba, ta riƙe masa kai tana kallon zaren da ke lilo. Da ya lafa ya koma kan aikin. Ya danna, bai shiga ba. Ya haɗa hannu biyu ya danna, bai shiga ba. Hannun da ke buga masaƙa tun safe har yamma maƙwabta na jin ƙararta, yau ya kasa huda yadin da shi ya saƙa. Ta karɓi ƙashin ba ta dubi fuskarsa ba, don in ta duba ba za ta iya ci gaba ba. Ta huda, ta tura, ta ja, shi yana riƙe mata da gefen yadin. Sai da ta yi nisa ta tuna inda ta taɓa ganin ya riƙe mata yadi haka, ta ƙara sauri.

Ta gama ɗaya gefen, ta shigo baya daga can, tana neman haɗewa da inda ta tsallake ninkin tsakiya don kaurinsa. Aka busa usur.

Farfajiyar ta ruɗe. Mata na tattara kwanuka, yara na kuka, gandirobobi na tafa hannu suna kora. Timotea ba ta ɗago ba. Ta huda, fatar yatsanta ta tsage, ta huda. Wani ganduroba ya tsaya a kansu.

"Mama, lokaci ya yi."

"Ranka ya daɗe, kaɗan ya rage, ɗan kaɗan..."

"Kowa ma kaɗan ya rage masa. Tashi."

Ta ɗora hannu a kan abin da ya saura, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Taƙi ɗaya cif, a tsakiyar baya. Sabino ya janye kwat ɗin daga cinyarta a hankali. Ta cafke hannun rigar.

"Saura taƙi ɗaya! Sabino, kada ka sa, bai rufu ba!"

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe da ƙyar, ya zura hannu, ya zura ɗayan. Ya ɓalla maɓallan har wuya. Duk ragin nan da ta yi ta yi, kwat ɗin ya yi masa yawa, kafaɗun sun zubo, hannuwan sun rufe masa yatsu. Ya lumshe ido ya tsaya haka, ta ga rawar da haɓarsa ke yi tun zuwanta tana lafawa.

Ya faki idon ganduroban, ya kai hannu baya ya tura tsinin ƙashin ta cikin kafar, ya faɗa tsakanin yadin da shafin. Abu na farko ke nan da aka taɓa ɓoyewa a kwat ɗin.

"Saurara, tsohuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Waccan rigar zagaye ake barinta a buɗe, ni na riƙe miki, na sani. Wannan kuwa 'yar kafa ce. Ta nan ko ni da na rame ba zan wuce ba. Kada ki ƙulla zaren, ba wanda zai taɓa miki shi. Ki zo ran Asabar ki ƙarasa aikinki."

Ta rungume shi. Yatsunta suka fara tafiya a bayansa da kansu, yadda suka saba, ta tsayar da su, don ba ta son sanin abin da za su gaya mata.

A bakin ƙofa ta waiga. Ana mayar da marasa lafiya ɗakinsu a jere, shi ne na ƙarshe, farin kwat har gwiwa, yana tafiya yana dafa bango. A ƙasan bayansa jan fatarinta na leƙowa ta kafar, zaren na ja a ƙasa. Ya tsaya ya sunkuya, ta ji tarin daga nan inda take, sannan aka tura ta waje aka ja ƙofar.

A mota Leandra ta lulluɓa mata rabin mayafinta a gwiwa, tana ta ba ta labarin ɗanta, Timotea ba ta ji ko ɗaya ba. Har suka gangaro Ilave hannunta na kan cinyarta a buɗe, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, ta kasa rufe shi.